Hannun Hagu na Kaka Lettie

Ballarat, Lahadi 17 ga Agusta, 1997

Zuwa ga ƙanena Warwick,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Marit da yara. Allah ya ƙara maka sauƙin gwiwar nan, ya kuma sa ka ji maganar likita ko da sau ɗaya a rayuwarka. Mu nan lafiya lau, mun gode Allah. Sanyin bana dai ya yi mana rashin mutunci, har famfon bayan gida ya daskare sau biyu, Clarrie kuma ya yi mako uku yana tari amma ya rantse lafiyarsa ƙalau, ka san mijin nawa da taurin kai. 'Yarmu Rhonda ta sauka lafiya, an sami mace, kamar ni sak in ji kowa, ban da uwar mijin Rhonda. Na san ku can Calgary yanzu lokacin zafi ne, kuna shan hantsi, to ku sha da namu.

Mama ce jikin nata babu daɗi. Tana nan a gidan kula da tsofaffi, a ɗakin da ka sani mai kallon tafki, sai dai tafkin ma ba ta ganinsa yanzu, idon ya tafi, haske da duhu kawai take bambancewa. Hankalinta kuwa garau, bakin ma yana nan yadda ka bar shi. Ranar Talata likita ya ja ni gefe ya ce zuciyar ta gaji, ya ce in akwai abin da muke son yi mata kada mu ɗaga shi zuwa Kirsimeti. Na karanta mata katinka mai hoton dusar ƙanƙara. Layi huɗu, Warwick, uku a kan yanayi! Ta ce in sake karantawa, ko na tsallake wani wuri.

Wannan ita ce wasiƙa ta uku da nake rubuto maka a kan magana ɗaya, kuma na gaji. Na san Marit ce ke buɗe takardunka, na kuma san ba ka taɓa zaunar da ita ka ba ta labarin ba, don haka bari in faro daga tushe, ko ita za ta tausaya mini. Marit, kakanmu na wajen uwa, Hedley Trevaskis, mai zane ne. Bai taɓa taka ƙasar Girka ba, ko Sydney bai taɓa zuwa ba, amma ya ƙare rayuwarsa yana zana 'yan matan Girka na zamanin da, sanye da fararen mayafai, sun jingina da farin dutse, ga shuɗin teku a bayansu. Zane arba'in da ɗaya aka sani nasa. Bai yi suna ba. Littattafai biyu kacal aka taɓa yi a kansa, duka sirara, kuma duka biyun abu ɗaya suke faɗa: wai babu wata mace da ta taɓa tsaya masa, daga hotunan gumakan Girka ya kwafi fuskar, sannan wai bai iya zana hannu ba. Dalilinsu shi ne a kowane zane yatsu biyu na hannun hagun yarinyar sun lanƙwashe ciki. Ɗaya ma cewa ya yi wannan raunin ne ya hana shi shiga sahun manya.

To yarinyar nan ba gunki ba ce, matarsa ce, Kaka Lettie, uwar da ta haifi Mama. Tana 'yar shekara goma sha huɗu tana aiki a gidan wanki, injin matse kaya ya kama mata hannu ya murƙushe yatsu biyu, haka suka warke a lanƙwashe. Mayafin Girkan kuwa labulen falo ne. Na yi shekara talatin da takwas ina ɗinki, ko a mafarki na ga kalmasar bakin labule zan gane ta, tana nan a zane bakwai ga duk mai ido. Sai Kaka Hedley ya yayyafa wa labulen ruwa don ya kama jiki irin na gumakan, ita kuma ta tsaya a rumfar bayan gida awa biyu, awa uku, cikin sanyin Ballarat, ta jingina da teburin guga. In ya gama ta koma kan wankin mutane, don da wankin ake cin abinci a gidan, zanen ba ya kawo ko gishiri.

Laifin ƙaryar nan namu ne, ban ɓoye ba. Lokacin da mai littafin farko ya zo a 1961, Inna Muriel, yayar Mama, ita ta tare shi a ƙofa. Ka tuna ta dai, shugabar matan coci, ko wuyan hannunta rana ba ta gani. Ta ce masa, “Malam, gidanmu gidan mutunci ne, babu macen da ta taɓa tsayawa kafaɗa a waje gaban kowa, ko da mijinta ne.” Ya rubuta ya tafi. Na biyu ya kwafa daga na farko. Mama tana tsakar gida tana jin komai, tsoron yayarta ya hana ta fitowa, kuma abin yana cin ta har yau, shekara talatin da shida ke nan.

Yanzu ga na uku yana tafe, babba, mai hotuna masu launi, wanda wani Dakta Ashcroft na Melbourne yake rubutawa. Da na gaya wa Mama sai ta tashi zaune, ta ce wannan karon sai an sa sunan uwarta kafin ta mutu. Sau biyu ina hawa jirgin ƙasa ina zuwa wurin mutumin nan. Mutum ne mai ladabi, irin ladabin da ke sa ka ji kamar ka kwaɗa masa jaka. Ya ba ni shayi, ya saurare ni yana gyaɗa kai, sannan ya ce kowane gida da irin labarin da yake ba wa kansa, kuma abin sha'awa ne ƙwarai. Na ce masa, “Dakta, mutumin da ya zana hannun dama daidai sau arba'in da ɗaya, shi ne zai kasa na hagu sau arba'in da ɗaya, kuma a yatsu biyun nan dai? Ko ni da ban yi jami'a ba ai na san da sake.” Ya yi murmushi ya ce waɗanda suka koya wa kansu zane sukan maimaita kuskure ɗaya. Ya ce shi ba zai rushe littattafai biyu da maganar tsohuwa 'yar casa'in da biyu ba, sai in kawo masa abin da zai gani ya taɓa.

Na dawo gida na zazzage akwatin hotuna a kan gado, na ce yau za a yi ta ta ƙare. Warwick, hoto goma sha tara na Kaka Lettie muke da shi, babu ko ɗaya da hannun ya fito. Nan ta sa safar hannu, nan ta tura shi ƙarƙashin mayafi, nan ta ɓoye shi bayan jariri, a na bikin Mama ma furanni ta tara a kai. Duk rayuwarta tana ɓoye shi, mu kuma muka taya ta. Na zauna a tsakiyar hotunan na yi kukan takaici, Clarrie ya leƙo ya ce ko ya ɗora ruwan shayi, na ce ya ɗora kansa.

Abin da ya rage a duniya guda ɗaya ne, kuma yana gidanka. Ka san masu zane na lokacin sukan ɗauki siffar hannu da farar ƙasar nan irin wadda ake ɗaure karaya da ita a asibiti, don su riƙa dubawa in mai tsayuwar ta gaji. Kaka Hedley ya ɗauki na Kaka Lettie, yatsun a lanƙwashe yadda suke, ya kuma karce sunanta da shekara a wuyan hannun da ƙusa. Kai ka ɗauke shi ranar da muka kwashe kayan tsohon gida a 1974, ka ce abin dariya ne, za ka riƙa rataya makulli. Ban hana ka ba, lokacin ni ma ban san darajarsa ba. Da na zo gidanka na gan shi yana tokare ƙofar ɗakin karatunka, 'yarka Bronwen ma ta shafa masa jan farce. Ban ce komai ba, amma na gani.

Na roƙe ka a Mayu, ka yi shiru. Na sake roƙo a Yuni, ka ce a waya wai zai fashe a hanya, ka bari sai ka zo Kirsimeti ka taho da shi. Da na matsa sai ka ce, “Haba Yaya, wa zai karanta littafi a kan tsohon nan? Mutum nawa ne?” Ka kuma ƙara da cewa Inna Muriel ba za ta so ba. Inna Muriel ta yi shekara goma sha biyu a kabari, kai kuma rabonka da coci tun ranar aurenka, yau ne za ka zama mai kare mata mutunci? Hannun da ya jure shekara ashirin da uku ana bugun sa da ƙofa, gidan waya ne zai gagare shi? Ka ce dai kasala ce ta hana ka neman kwali, sai in fi yarda. Dakta ya ce ƙarshen Satumba littafin zai tafi maɗaba'a, bayan nan ko waƙafi ba a sakewa.

Abin da ya sa na zauna rubutu yau ga shi. Ranar Juma'a Dakta ya aiko mini da samfurin bangon littafin, ina jin don ya lallashe ni. Zanen nan ne na yarinya da tulu, wanda ya daɗe rataye a falon Mama. Ya yi kyau, ba zan yi ƙarya ba. Amma sun datse shi daga ƙasa, daidai gwiwar hannu, hannun hagun ba ya ciki. Na kira shi, ya ce masu tsara bango ne suka ga bai kamata a fara littafi da raunin mutum ba, wai sun rufa masa asiri ne. Na ajiye wayar ban yi masa sallama ba, Allah ya yafe mini.

Jiya na tafi wurin Mama da miyar kabewa, na yi niyyar in ɓoye mata, amma ka san ba a ɓoye wa Mama abu, daga jin yadda na ajiye kwanon ta ce me ya faru. Na gaya mata. Na zaci za ta yi faɗa, sai ta ba ni wani labari da ban taɓa ji ba. Ta ce wata rana ta ji uwarta tana roƙon ubanta a rumfar, tana cewa, “Hedley, ka ƙara mini tsawo, ka miƙe mini hanci, ka ba ni tekun da ban taɓa gani ba, yatsu biyu ne za su gagare ka? Ka gyara mini su mana, mutane na kallo.” Wai sai ya ce, “Tekun ƙarya ne, dutsen ƙarya ne, ranar ma ƙarya ce, Lettie. Hannun nan shi ke ciyar da ni, ba zan yi masa ƙarya ba.” Mama ta ce uwarta ta kira shi mahaukaci, ta jefe shi da jiƙaƙƙen labulen, amma ba ta sake roƙonsa ba.

Ni kuma da zafin kaina na ce to wannan ma zan rubuta wa Dakta, zan kuma rubuta wa Warwick in ci masa mutunci, sai littafin nan ya faɗi gaskiya. Mama ta lalubo hannuna ta riƙe. Ta ce, “Ke Glenys, kin cika faɗa, tun kina ƙarama haka kike. Littafin nan ko an buga ba gani zan yi ba. Ki ce wa autana ya aiko hannun dai. In mai littafi ya duba, to, in bai duba ba, shi ya sani. Ni so nake in riƙe hannun uwata.” Ta ce da shi uwarta take kama ta in za su tsallaka titi, don na daman kullum yana ɗauke da kwandon wanki, kuma har yau ta san inda yatsun suke lanƙwasawa, ko a cikin dubu za ta gane shi. Wata huɗu ina kokawa da Dakta, ban taɓa tambayarta abin da ita take so ba.

Don haka ga roƙona, kuma ba zan sake yin wani ba. Ka naɗe hannun da tsofaffin tawul biyu, ka sa a kwali mai ƙarfi, ka cusa jarida ta ko'ina har ya daina motsi, ka aiko ta jirgin sama, ba ta ruwa ba. Kada ka tsaya goge jan farcen, ita ba za ta gan shi ba. In ya iso kafin ƙarshen Satumba zan kai wa Dakta ya gani ya taɓa, bayan Mama ta gama da shi. In littafin ya wuce mu, ya wuce, zan haɗiye takaicina. Amma Mama ba za ta jira Kirsimeti ba, Warwick, kuma ta sa an matsar da kofin ruwa daga kan teburin gefen gadonta, ta ce nan za a ajiye shi.

Ka gaishe mini da Marit da kyau, na kuma bar mata amanar kwalin nan, don na fi yarda da ita. Ka gai da ɗanka Lachlan da matarsa, da Bronwen mai jan farce, ka ce mata ban yi fushi ba. Clarrie yana gaishe ku, Rhonda da jaririya ma haka, Lettie aka sa mata. Mama ta ce in gaya maka ka riƙa sa hula in za ka fita. Allah ya tsare ku, ya sada mu da alheri.

Ni ce yayarka, mai ƙaunarka duk da halinka,
Glenys