Tarin Baba a Ɗakin Na'ura

Litinin, 3 ga Maris
Baba, tsohon ma'aikacin ɗakin bincikenmu, ya sake yi min. Tun safe nake jan ƙwayoyin zarra ɗaya bayan ɗaya da bakin allurar na'ura, ina jera su a kan farantin tagulla. Saura kaɗan ɗan makunnin da nake ginawa ya haɗu, sai ya ɓarke da tari a bayana. Allura ta girgiza, ta caki faranti, komai ya watse. Wai "Yi haƙuri, 'yata." Haƙurin ne zai jera min su?

Laraba, 5 ga Maris
Ɗakin da ko magana sai da raɗa, amma an bar mutum yana tari kamar tsohon janareta. Don shi ya harhaɗa na'urar tun ina firamare, kowa ya kama bakinsa. Ni kuwa ƙarshen wata za a karɓe ta a ba wasu, ko na gama ko ban gama ba.

Juma'a, 7 ga Maris
Yau ma. Sai da na yi kuka a banɗaki don takaici.

Talata, 11 ga Maris
Na sami Oga, na ce ko ni ko Baba a ɗakin nan. Ya ce, "Dakta, kin san in na fitar da shi sai ritaya?" Na ce na sani. Ai ba asibiti muka buɗe ba.

Alhamis, 13 ga Maris
Baba ya kwashe kayansa. Ko fushi bai yi ba, abin da ya fi ƙona min rai ke nan. Ganin allura tana aiki, sai ya danne tarin da hularsa har idanunsa suka yi jawur, bai sake shi ba sai da ya kai waje.

Alhamis, 20 ga Maris
Makunni ya haɗu! Na ba shi wuta, ya buɗe, ya rufe. Na juya zan ce "Baba, zo ka gani," ba kowa.

Asabar, 22 ga Maris
Na kai masa hoton makunnin har gida. Ba haƙuri na je bayarwa ba, har gobe ni ke da gaskiya. Ya daɗe yana kallo, ya ce jerin hagu ya ɗan karkace. Tsoho da neman magana! Litinin zan ga Oga, ko za a raba ɗakin da bangon gilashi, a sa kujera ta ɗaya gefen. Don aiki ne kawai.