Furen da Matar Laftana Ta Tumɓuke

Zuwa ga Yaya Hadiza,

Gaisuwa mai yawa. Ina lafiyarki, da Malam, da yara? Yaya ƙafar Inna? Yaya kuke fama da farin nan a Damagaram? Allah Ya kawo sauƙi.

Yaya, in kin ga fure ya sunkuyar da kai, za ki ce ƙishirwa ta kashe shi. Ni ma haka na zata da muka tare a gidanmu na unguwar Maourey. Na tarar da shuke-shuken da ban sani ba, har da wani mai tsakiya kamar bayan bushiya, jajayen furanninsa sun rataya ƙasa. Mai gadin lakwal ɗinmu, makarantar da nake koyarwa, ya ce sunansa ekinase, kuma haka halittarsa take. Da ruwan alwalata na raya shi.

Ina wurin aiki maƙwabciyata, matar laftana, ta tumɓuke shi kaf ta ba ragonta. Da na yi magana ta ce, "Madam, matacce ne! Je ki kai ƙara mana."

Ƙarar matar soja a wannan zamani? Ban kai ba, amma ban yafe ba. Na tsince irin da ya zube, na raba wa 'yan ajina, har da ɗiyarta. Yanzu ya tsiro a ƙofofin layinmu, kuma yarinyar ta hana kowa taɓa nata. Kullum uwar ke ba shi ruwa, ina gaishe ta da aiki.

Ga iri cikin ambulan, ki shuka bayan randa ki gani. Ki gaida Inna, a sa mu a addu'a.

Ƙanwarki,
Ramatu