Hular Baba a Bayan Raga

Talata, 6 ga Mayu
Likita ya ce idon Baba ba zai dawo ba. Abin da ya fi damunsa yanzu ƙafafun ne: in Baba ya ci gaba da kwanciya haka, nan gaba ko banɗaki sai an ɗauke shi. Baba ya juya fuskarsa bango. Umma ta ce tun da aka sallamo shi bai taka tsakar gida ba.

Alhamis, 8 ga Mayu
Na karanta masa jaridarmu, har da sharhin da na gyara da hannuna. Ya yi barci a sakin layi na biyu. Ko ya yi kamar ya yi.

Asabar, 10 ga Mayu
Da la'asar ihu ya taso daga filin ƙwallon unguwa. Ya ɗaga kai.
"Uwata, wa ya ci?"
Na ce ban sani ba. Ya ce edita guda, ga labari a bayan katangarta amma ba ta da shi. Karon farko ke nan da ya zolaye ni tun asibiti.
Na taɓa rubuta cewa ƙwallo maɓoyar waɗanda suka gaji da tunanin rayuwarsu ce. Har yanzu ba na jin na yi kuskure.

Asabar, 17 ga Mayu
Na kai shi a mota har bakin fili. Kujerar roba a bayan raga, inda ya saba zama, kusa da abokinsa Tsohon Gola. Aikina in riƙa faɗa masa abin da ke faruwa. Wai ina ba da labarin wasa kamar sanarwar rasuwa.
Da aka zura wa 'yan unguwa ƙwallo, ya cire hularsa ya juya ta, ciki ya koma waje, ya mayar. Tsohon Gola ya ce haka yake yi tun suna samari, ba ya gyara ta sai an rama. Ba a rama ba. Ya dawo gida da hula a juye, yana zagin alƙalin wasan da bai gani ba. Ya cinye abincinsa, ya nemi ƙari.

Laraba, 21 ga Mayu
Ya koma gado. Na tambaye shi me yake samu a can. Ya ce a fili ba mai ce masa ya jiki, gardama ake yi da shi.
"A gidan nan ni majinyaci ne. A can ɗan kallo ne."


Asabar, 31 ga Mayu
Mota na wurin bakanike. Na ce a haƙura da na yau. Sai ya nemi takalmansa.
Da ƙafa muka je, hannunsa a kafaɗata. Ya huta a bencin tela, ya ƙara hutawa a gindin fal ɗin wuta, yana haki yana ce mini in daina jan ƙafa, za a take wasa.
Bayan hutun rabin lokaci aka zura mana. Gajiya ta sa shi gyangyaɗi, bai ji ba. Ban san lokacin da hannuna ya kai kan hularsa ba. Ya farka.
"An ci mu ke nan?"
Na ce ƙura nake kaɗe masa. Ya shafa hular, ya ji ɗinkin a waje. Ya bar ta haka.
Daf da tashi aka rama.
Ba hular ba ce, na sani. Na dai ce wa Umma kada ta wanke ta kafin Asabar.