Yatsan da Mama ta dangwala

Auta,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa, ina fatan wasiƙar nan ta same ka lafiya. Allah ya ƙara lafiya da basira, ko da yake basirar ce ta kai mu inda muke. Yara sun koma makaranta, ƙafar Mama kuma da sauƙi. Keken ɗinkinta ne dai yau kwana goma sha biyu yana rufe da zane.

Ɗan Baffa da ke jami'a ya ci karo da maƙalar da ka buga kan haƙƙin majinyaci na sanin ciwonsa, ya fassara wa ubansa ita tas. Wai ka ɓoye suna. Tela mai ɗingishi, mai 'ya'ya biyu, matar direban motar asibiti, guda nawa ka sani a duniya? Ka rubuta yadda ta roƙi likita kada ya gaya wa Baba cewa cutar kansa ce ke cinsa, ka yanke hukunci ta tauye masa 'yanci. Baffa ya zo har tsakar gida ya ce ita ta hana ɗan'uwansa barin wasiyya, kuma shi da gidan nan har abada. Tun ranar Mama ta rufe keken ɗinkinta.

Ina wurin ranar da ka ajiye wayarka a kan teburin yankan yadi tana ɗaukar murya, ka ce hira ce kawai. Tana kuka ta gaya maka abin da ta haɗiye shekara shida, don ta ɗauka ɗanta ne ke tambaya. Sannan ka miƙa mata takardar da ba ta iya karantawa, ka ce ta makaranta ce, ta dangwala yatsa. Kai da kake neman digirin digirgir a kan neman yardar mutane, haka ake nemanta? Lokacin da muke juya Baba muna canja masa zanin gado, kana laburare. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Ina jin haushinka, ba zan ɓoye ba. Ka janye maƙalar nan, ka kira Baffa da bakinka. Kafin nan kada ka neme ni.

Ka gaida matarka da takwarar Mama. Maigidana da Goggo suna gaishe ka. Mama ma tana gaisuwa. Ta ce kada in yi maka faɗa, in dai tambaye ka ko malamanka sun karɓi aikin. Wai tana tsoron kada a ce yatsanta bai fito sosai ba, a mayar maka da shi.

Yayarka.