Motar da Aka Kankare wa Lamba

Ƙanena Nafi'u,

Daga yayanka Falalu, Agadas. Shekara huɗu ke nan rabona da Babura. Yaya ƙafar Inna? Ni lafiya lau, tarin ma da sauƙi.

Na ga hoton motar jif da kake so mu saya: sabon fenti, ga araha, takardu sai daga baya. Irinsu ake kawowa garejinmu daga sahara, an kankare lambar inji, ba mai tambayar inda direban ya kwana. Ban ce mai sayarwar ɓarawo ne ba, wataƙila shi ma sayar masa aka yi. Amma ka duba lambar da idonka. In a goge take, kada gumina ya shiga ciki, don ba zan iya belinka daga nan ba. Allah ya tsare.

Abin da na tara don sayen motar, sefa jaka ɗari uku da ashirin ne.