Safar Hannun Dama

Zuwa ga ƙanena, autan gidanmu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da maiɗakinka da yara. Mu nan sai godiyar Allah. Masu zuwa ta'aziyya sun ɗauke ƙafa, gidan ya yi shiru.

Na kira wayarka har na ji kunyar kira, shi ya sa na ɗauki biro. Tun ranar da aka kai ɗanka, ɗan cikina, makwancinsa ban ƙara sa ka a ido ba. Ba ƙorafi nake yi ba, tambaya ce da ni.

'Yan ƙungiyarku ta tseren keke sun kawo min kayansa a leda. Hular kwanon ta tsage gida biyu. Safar hannun hagu ta yage, tsakuwa ta shige cikin zarenta. Ta dama kuwa ko ƙwarzane babu, sai ka ce yau aka sayo ta. Wanda ya faɗi ai da hannu biyu yake tarar ƙasa, ko mai rarrafe ya san haka.

Jiya maƙwabciyata ta shigo aron rariya. Ta ce ƙanwar mijinta tana sayar da itace a bakin dajin, a kan idonta aka yi. Wai ya gangaro daga tudu kamar an harbo shi, hannu ɗaya a keke, ɗaya a sake. "Burga ce irin ta samari, sai haƙuri," in ji ta, ta ɗauki rariyar ta fita.

Auta, ka san abin da muka karanta a gaban malam game da wanda ya jefa kansa ga halaka da ganganci. Na yarda da ƙaddara, ban taɓa ja da ita ba. Amma in na ɗaga hannu zan yi masa addu'a sai harshena ya yi nauyi. Kai ka saya masa keken, kai kake zaɓa musu hanyar da za su bi, kuma kana wurin. Don Allah ka gaya min abin da hannunsa na dama yake yi.

Ka gaida mutanen gida.
Yayarka.

*

Yaya,

Wa'alaikumus salam. Saƙonki ya iso. Duk muna lafiya, sai dai kafaɗata da ke ɗan taɓa ni.

Wannan maƙwabciyar taki, ai ko akuya ce ta yi tari a unguwa sai ta ce ƙanwar mijinta tana wurin. Ki rabu da ita.

Yaya, ba mahaukata ba ne mu. Kafin na sa kowa a hanya sai na bi ta da kaina. Waccan hanyar ma na fi sanin ta da tsakar gidana. In ka bar ƙauyen ƙarshe, inda injin niƙa yake, sai hawa. Hawa ne mai cin gwiwa, ka gama wani tudu ka ga wani yana jiranka. A nan ɗanki Dogo yake ba mu kunya. Ya wuce ni yana dariya, ya ce, "Kawu, in turo ka ne, ko in aiko maka da jaki?" Daga ƙololuwa kana hango gonaki shimfiɗe kamar tabarmi. Sai ka shiga daji, itatuwa su haɗe a samanka, sanyi ya doke ka, ba ka jin komai sai ƙarar sarƙa da numfashin na kusa da kai. Daga nan gangara ce har gada.

Dogo yana son hanyar nan. Wannan kaɗai ki riƙe. Allah ya jiƙansa, ya ba mu haƙuri.

Zan zo in na samu sarari.
Ƙanenki.

*

Ƙanena,

Assalamu alaikum. Allah ya sauƙaƙa ciwon kafaɗar. Ka dinga gasa ta da ruwan ɗumi.

Na tambaye ka hannu, ka ba ni labarin tudu. Tun kana ƙarami haka kake. Ranar da ka fasa tulun Inna, da aka tambaye ka sai ka kama ba mu labarin yadda kaza ta shigo.

Bari in gaya maka halin da ake ciki. Maganar maƙwabciyar ta kai kunnen maigidan. Ya ɗaga abin da ya rage na keken ya jefa bayan ɗaki, ya ce kada ya ƙara jin sunanka a gidansa. Da me zan kare ka? A masallaci ma wani ya tare shi da nasiha a kan iyayen da ke barin 'ya'yansu suna wasa da rai. Ya dawo bai ci abinci ba.

Ni kuma safar nan tana ƙarƙashin matashina. In na idar da salla sai na ɗauko ta ina juyawa. Yaron da ko ƙofa ba ya bugawa da ƙarfi, shi ne zai saki hannu a gangara don a kalle shi? Zuciyata ta ce a'a. Amma zuciyar uwa ba ta shaida.

Ba zan ƙara tambayarka ba bayan wannan. In ka yi shiru, zan ɗauka shirun ne amsar, in ci gaba da roƙa masa gafarar abin da aka ce ya yi, har in koma ga Allah. In kuma akwai wata magana, to, haƙƙinsa ne a wuyanka.

Yayarka.

*

Yaya,

Salam. Na fara rubutun nan na yaga, na sake farawa na yaga. Ga shi dai yadda ya zo.

Muna da ƙa'ida a tafiyar ayari. Muna bin juna ne taya kusa da taya, na baya ba ya ganin kwalta, bayan na gabansa kawai yake gani. Saboda haka na gaba shi ne idon kowa. In ya ga rami ko dutse, zai kai hannu baya ya kaɗa, ya nuna gefen da za a kauce. Kira da baki ba ya aiki a gangara, iska ce ke cinye shi. Abu na farko ke nan da muke koya wa sabon shiga, kuma ni na koya wa Dogo.

Ranar ce karon farko da aka ba shi gaba a gangarar dajin. Ba kowa ake ba wa ba, sai wanda aka yarda da hankalinsa. Da na ce masa ya wuce, sai ya ce, "Kawu, yau kai za ka ci ƙurata." Kwana ɗaya kafin nan na bi hanyar, tas take. Ashe ruwan da aka yi da daddare ya wanko tsakuwa daga jikin tudu ya baza a kwanar ƙarshe, a cikin inuwa, inda ba ka gani sai ka iso.

Shi ya fara gani. Da ya riƙe birki da hannu biyu, wataƙila da ya sha, mu kuma mu afka. Sai ya saki na dama ya kai baya ya kaɗa mana. Mai itacen ba ta yi ƙarya ba, hannu ɗaya ta gani. Ba ta san me hannun yake cewa ba.

Ni ne a bayansa, Yaya. Hannun nan ni aka kaɗa wa. Na kauce, na bayana suka kauce, kafaɗata ce kawai ta gogi itace. Lokacin da tayarsa ta zame, hannun yana baya tukuna, bai samu dawo da shi ba. Shi ya sa safar ba ta taɓa ƙasa ba.

Ba ƙin gaya miki na yi ba. Na kasa tsayawa ne a gabanki da ƙafafuna biyu in ce ga dalilin da ya sa nake tsaye.

Ban ƙara hawa keke ba. An ce min tsakuwar tana nan har yanzu, kuma masu babur da masu keke suna bi.

Ki yafe min shirun.
Ƙanenki.

*

Auta,

Wa'alaikumus salam. Na karanta. Na karanta wa maigidan ma. Ya tashi ya nufi bayan ɗaki inda ya jefar da keken, ya daɗe a can.

Yau na yi wa ɗanka addu'a, harshena bai yi nauyi ba.

Ka nemo mota ka zo ka ɗauke ni, ka kai ni kwanar nan. Kada ka tsaya a waje, ka yi sallama ka shigo. Zan taho da tsintsiyata, kai ka zo da shebur.

Yayarka.