'Yan Shilan Misfala

Misfala, Makka
Disamba 1963

Zuwa ga Yaya Hadijatu,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina fata kina lafiya, ke da Malam Hashimu da yara, da duk mutanenmu na Wad Madani.

Ɗarin bana ya ba kowa mamaki. Iskar da ke saukowa daga duwatsu har ƙashi take shiga. Tun da aka fara shi tarin mai ɗakina Maimuna ya tashi, na bar zuwa shago ina jinyarta. In ta samu barci sai in zauna a tsakar gida in kalli tsuntsaye. Gwarare ne ke fara sauka, su kumbura gashinsu, sannan kurciyoyi. Wasu tattabarun Harami sun yi sheƙa a ramin katangarmu, har sun ƙyanƙyashe. Maimuna na jin kukan 'yan shilan daga ɗaki. Ta ce ba abin da ranta ke so sai romonsu da barkono, irin wanda kike yi mana. Komai na kai mata sai ta juya fuska.

Ki gaida kowa.

Ƙaninki,
Wada

Misfala
Janairu 1964

Yaya,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarku, jikin Maimuna sai addu'a.

Kin san tsuntsun Harami ba a kama shi, ko korarsa ba a yi. Na tambayi malamai biyu, duk suka ce haramun ne, wanda ya yanka sai ya fanshe da tunkiya, naman kuma mushe ne. Maƙwabciyarmu Ɗaso, mai sayar da alkamar tattabaru a ƙofar Harami, ta ce ni dai ɗan boko ne, sai na gama tambayar duk malaman Hijaz matata ta mutu da yunwa. Ta ce in juya baya kawai ta hau katangar da kanta, shi ke nan, zunubin a wuyanta. Na hana ta. Ban sani ba ko tsoron Allah ne ya sa, ko tsoron a ce Takari, baƙo irina, ya taɓa tsuntsun Harami.

Na ba wani direba saƙon 'yan shilan kiwo daga Ɗa'ifa, su halal ne. Maimuna ta ce ba komai, za ta jira. Na katangar sun fara fiffike.

Ki sa mu a addu'a.

Wada

Misfala
Ramadan

Yaya Hadijatu,

Ina gaishe ki, ya ibada? Allah ya yi wa Maimuna rasuwa ranar Talata da hantsi, an kai ta maƙabartar Ma'ala. Ba ta ci komai ba.

Washegari direban ya iso da kwando, yana ba ni haƙuri wai motarsa ce ta lalace. Masu zuwa ta'aziyya suna yaba mini, wai na kiyaye dokar Allah. Ɗaso kaɗai ce ba ta yaba mini ba. Ita ta yanka na kwandon, ta dafa, baƙi suka sha ruwa da su, suna cewa romon ya yi daɗi.

Na katangar kuwa, jiya da safe ina zaune kyanwar wani gida ta hau ta cinye su a gabana. Ban tashi ba. Ita ba malamin da zai ce ta yanka tunkiya.

Kada ki rubuto ki ce na yi daidai, Yaya. Na ji shi ya ishe ni.

Ƙaninki,
Wada